Tambaya da Amsa: Makin lensi shi ne kyan hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni hoton mutane nake ɗauka, ina so in sayi lensi 50mm, na ga guda biyu, ɗaya ya fi ɗayan maki kaɗan a DxOMark (shafin intanet da ke gwada kyamara da lensi yana ba su maki) amma kuɗinsa ya kusa ninki biyu. In na daure na sayi mai makin, hotona zai fi fita ne ko asarar kuɗi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Makin nan ba ƙarya ba ne, amma ka fara sanin yadda ake samunsa. A ɗakin gwaji ake kafa kyamara kan ƙafarta ba motsi, a saita fokos a tsanake, a ɗauki wani allo shafaffe mai layuka baƙi da fari, sai a auna yadda layukan suka fito garau daga tsakiya zuwa gefe, wannan awon shi ake kira MTF. To fuskar mutum ai ba allo ba ce, kuma kai da kake hoton mutane a f/1.8, wato ƙofar hasken lensin a buɗe sosai, gefen hoton dama so kake ya yi dishi-dishi, kaga makin da lensi ya ci don kaifin kusurwa bai amfane ka da komai ba.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, makin DxOMark na lensi ne haɗe da kyamarar da aka ɗaura shi, lensi ɗaya in aka sa shi kan mai megafiksel 45 makinsa zai haura wanda zai samu kan mai 24. Don haka ka tabbatar kan irin kyamararka aka gwada su duka biyun kafin ka kwatanta. Sannan ko samfuri ɗaya ne daga kamfani ɗaya wani yakan fi wani kaifi, Roger Cicala na kamfanin hayar lensi Lensrentals a Amurka ya sha nuna haka da ya auna lensi da yawa iri ɗaya.

Kuma wallahi ɗan bambancin nan hannunka ya ɗan girgiza ko fokos ya sauka kan hanci maimakon ido shi kenan ya tafi, in ka rage buɗewar zuwa f/5.6 ko f/8 ma yawancinsu kusan ɗaya suke, balle hoton da za a kalla a waya, allon 4K kansa megafiksel 8 ne da ɗan kai.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda makin bai auna ba: laushin dishi-dishin abin da ke bayan mutum a hoto, saurin kama fokos a wuri mai duhu, da yadda kala ke wankewa in rana ta daki gilashin. A aikinka waɗannan ne wanda ka ɗauka hoto zai gani.

Shawarata ka nemo cikakkun hotunan mutane da aka ɗauka da kowannensu a f/1.8 da f/2.8, ka buɗe a kwamfuta ka duba ido da gashi. In ba ka ga bambanci ba ɗauki mai arahar, ragowar kuɗin ka sa a fitila mai kyau. Ranar da lensin ya iso ka ɗauki bango mai bulo ka duba kusurwa huɗun, in ɗaya ta fi sauran dishi sosai ka mayar a canza maka.