Amsa: ɓeraye biyu, allura ɗaya, sakamako daban

Wa alaikumus salam ƙanena na Akoka. Ka ce kun yi wa ɓeraye mata jinsi biyu allurar testosteron (homon, wato sinadarin jiki, na maza) iri ɗaya, inzayim ɗin ƙoda (sinadarin da ke hanzarta aiki a jiki) ya hau sosai a wasu, wasu kuwa ɗan kaɗan, kana zargin maganin ya lalace. Kada ka ɗora wa firij da ɗaukewar wutar Legas laifi tukuna, ko da yake ni ma na taɓa zubar da kwalba guda a Idi-Araba kan wannan zargi.

Gado ne. Tun shekarun 1970 Kenneth Paigen da abokan aikinsa a Amurka suka nuna haka a kan inzayim ɗin ƙoda mai suna beta-gulukuronides. Ƙwayar gadon da ke ƙera shi tana kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 5, kuma daf da ita akwai wani ɗan yanki mai yanke hukuncin yadda za ta saurari homon. Jinsin ɓeran da ake kira A/J na amsawa da ƙarfi, C57BL/6 kuwa a sanyaye. In aka haɗa su aure, a jikin 'ya'yan kowane kwafin ƙwayar gadon, na uba da na uwa, halin gidansu yake bi, alhali jini ɗaya ke ratsa su. Nan ne abin ya fi burge ni.

Akwai ma wani ɓera da ake kira Tfm, wanda masaniyar ilimin gado Mary Lyon ta bayyana a 1970. Makamar homon ɗinsa, wato abin da ke karɓar homon a jiki, ita ce a lalace, ko ka ɗura masa testosteron inzayim ɗin ba ya hawa.

Duba takardar jinsin ɓerayenku, ka kuma ba allurar kwanaki kafin ka sake aunawa.