Tambaya da Amsa: Wane kundin Fantastic Four zan ce a sayo min?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayana da ke karatu a Ingila zai dawo gida, ya ce in faɗi abin da nake so. Ni tun da na kalli fina-finan Marvel nake son karanta asalin labaran Fantastic Four na da can, wato mujallun labarin zane na kamfanin Marvel, to na duba intanet sai na ga iri-iri, wani Omnibus wani Masterworks wani Epic, duk na rikice. Wanne zan ce ya sayo? Kuma zai yi daraja nan gaba? Daga mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Maganar daraja ka cire ta a ranka tun yanzu. Duk waɗannan da ka lissafa sake bugu ne, don karatu ake yin su. Na asali, wato fitowa ta farko, lamba ta 1, da marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby suka fitar a 1961 ana sayar da shi senti 10, shi ne mai kuɗi, an taɓa gwanjon mai lafiyarsa sama da dala miliyan ɗaya, kai kuwa labarin kake nema ba takardar ba.

Masterworks shi ne babba a shekaru, tun 1987 aka fara fitar da shi, bango mai tauri, kowane kundi wajen lamba goma, amma fa da tsada idan ka kwatanta da abin da ke ciki. Omnibus ya zo a 2005 kuma da Fantastic Four ɗin ma aka fara, takarda mai faɗi, ɗaruruwan shafuka, wallahi nauyinsa kaɗai zai cinye wa yayanka kilo a jirgi, kuma ba littafin da za ka kwanta kan katifa ka ɗaga sama ba ne. Akwai Essential, baƙi da fari mai araha, an daina buga shi sai dai na hannu.

Ni dai Epic Collection zan ce. Bango mai laushi, da kala, shafi ɗari huɗu da wani abu, farashi daidai talaka. Sai dai ba a jere suke fitowa ba, don haka ka duba bayan littafin ka ga lambobin da ya ƙunsa. Kuma kar ka dage sai daga lamba ta 1, na farkon nan akwai shirme, dodanni ne ke ɓullowa daga ƙasa ana ta surutu. Ka ce ya nemo wanda ya ƙunshi lamba 48 zuwa 50 na 1966, zuwan Galactus mai cin duniyoyi da ɗan aikensa Silver Surfer, lokacin hannun Kirby ya nuna sosai. Idan da hali a haɗa da mai lamba 52, nan Black Panther da ƙasar Wakanda suka fara bayyana.

Abu ɗaya da zai ba ka mamaki shi ne kalar. Na da a kan takardar jarida aka buga, da ɗige-ɗigen tawada, takardar ta shanye launin ya yi sanyi. Sake bugun kuwa farar takarda ce, ja ya yi jajir shuɗi ya yi shar, wasu tsofaffin masu karatu har yau suna ƙorafi a kai.

TAMBAYA: Na ga wani yana tallan mujallar X-Men ta Marvel lamba ta 1 a Facebook da arha, har da tallace-tallacen da a ciki. Gaskiya ne? Daga 'yar'uwarku, Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa ki yi hattara. Marvel na buga abin da suke kira Facsimile, kwafi ne sak har da tallan zamanin, halal ne amma sabo ne, kuɗinsa 'yan daloli. Ki ce ya turo hoton bango gaba da baya. Na asali na 1963 senti 12 ke rubuce a kai kuma babu layukan nan na bakod, don sai a shekarun 1970 aka fara sa su. Idan kin ga bakod ko farashin dala, ki biya kuɗin sabon littafi kawai, in ya ƙi ki bar masa kayansa.