Amsa ga mai tambaya kan aikin jami'in tsaro na wucin gadi a gandun daji mai nisa a Amurka

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, amma na jinkirta amsawa har sai na samu natsuwa, domin ba abu ne da za a gama a layi biyu ba. Ka ce shekarunka 24, ka kammala digiri, ka samu takardar zama ɗan ƙasar Amurka bara, kuma kana tunanin biyan kuɗin makarantar horo domin ka zama jami'in tsaro na wucin gadi a ɗaya daga cikin gandayen dajin ƙasa, kana son sanin yadda aikin yake, da haɗarinsa, da ko Musulmi zai iya zama a irin wuraren. Na yi wannan aiki zango uku, daga ƙarshen 2016 zuwa watan Mayun 2019, a gandun Big Bend da ke kudu maso yammacin jihar Teksas, a kan iyaka da Meksiko, saboda haka abin da zan faɗa maka daga can na ɗauko shi.

Da farko ka fahimci cewa wannan aiki cin rani ne, sai dai na gwamnati. Hukumar kula da gandayen ƙasa, wadda aka kafa a 1916, tana ɗaukar ma'aikatan zango a kan ƙa'idar da ba ta wuce awa 1039 a shekara ba, wato wata shida ke nan ba awa ɗaya, kuma ranar da awanninka suka cika za ka miƙa bindiga da bajo da makullin gida ka kama gabanka. Yawancin gandaye da zafi suke cika da baƙi, amma Big Bend hamada ce, don haka kakarsa takan fara ne daga Nuwamba zuwa Afrilu, ta fi tsananta a watan Maris lokacin hutun ɗaliban jami'a. Sharuɗɗan shiga ba su da yawa: zama ɗan ƙasa, cika shekara 21, cin gwajin lafiya da na ƙarfin jiki wanda ya haɗa da gudun mil ɗaya da rabi, da tsallake binciken tarihin rayuwa. Shi wannan bincike yakan ɗauki lokaci ga irinmu da aka haifa a waje, saboda haka ka tanadi adireshin duk inda ka taɓa zama da ranakun tafiye-tafiyenka tun yanzu. Makarantar horon kuwa kimanin wata huɗu ce, kai za ka biya daga aljihunka, kuma takardarta ba alƙawarin aiki ba ce. Izinin da za ka samu mai daraja ta biyu ne, wanda ya ba ka ikon ɗaukar makami da kama mai laifi, amma binciken manyan laifuka yana hannun jami'an dindindin da aka horar a cibiyar tarayya ta Glynco a jihar Jojiya.

Abin da makaranta ba za ta iya koya maka ba shi ne nisa, kuma a ganina nisa shi ne ubangidan wannan aiki, shi yake tsara yadda za ka yi magana da mutane, da abin da za ka ci, da ma yadda za ka yi ibada. Faɗin gandun ya haura eka 800,000, kogin Rio Grande ya zagaye kudancinsa tsawon mil 118. Daga hedikwata a Panther Junction zuwa Rio Grande Village mil 20 ne, zuwa Castolon mil 35, zuwa asibiti mafi kusa a garin Alpine kuwa kimanin mil 100. Da dare jami'ai 'yan ƙalilan ne suke bakin aiki a duk wannan fili, kuma akwai kwazazzabai da oba-oba ba ta kamawa a cikinsu saboda duwatsu sun tare, balle wayar hannu. Ɗan sandan birni idan ya nemi ɗauki yana ƙirga mintuna uku ko biyar ne, kai kuwa kana iya ƙirga arba'in ko sa'a guda.

Na koyi ma'anar wannan a zangona na farko. Wani dare aka kira ni sansanin kwana na bakin kogi saboda wani mutum ya hura wutar itace a ƙasa, abin da aka haramta a gandun baki ɗaya, kuma maƙwabtansa sun ce ya sha ya yi tatul yana ta ihu. Na isa da zafin sabon shiga, na haska masa tocila a fuska, na ɗaga murya ina karanto masa doka, sai da ya miƙe tsaye na lura da ƙaramar bindiga a ƙugunsa. Tun watan Fabrairun 2010 doka ta halatta wa baƙi shiga gandayen ƙasa da bindiga matuƙar dokar jihar ta yarda, kuma a Teksas ba abin mamaki ba ne ka ga haka, amma maye da bindiga da wulaƙanci a gaban iyali idan suka haɗu ba su haifar da ɗa mai ido. Abokin aikina mafi kusa yana can saman tsaunukan Chisos. Na sauke tocilar, na ja da baya taku biyu zuwa inda motata za ta kare ni, na sassauta murya na tambaye shi daga ina suka taso, kuma awa nawa ya yi yana tuƙi. Muka yi ta magana sama da rabin sa'a, har ya yarda matarsa ta kulle bindigar a mota, shi da kansa ya zuba wa wutar ruwa, na rubuta masa takardar tara ya karɓa ba gardama kafin ɗaukin ya iso. Laifin farko nawa ne, domin ni na shiga da ƙafar hagu. Washegari wata tsohuwar jami'a da ta shekara fiye da ashirin a aikin ta ce mini a wurin da babu mai zuwa maka da wuri, duk abin da ka kunna da bakinka kai kaɗai za ka kashe shi, kuma tun daga ranar ban sake fara magana da baƙo da sunan doka ba, da gaisuwa nake farawa.

Kada wannan ya sa ka ɗauka haɗarin wasa ne. An harbe jami'in tsaro Kris Eggle har lahira a gandun Organ Pipe Cactus da ke Arizona a watan Agustan 2002, an kuma harbe jami'a Margaret Anderson har lahira a gandun Mount Rainier ranar 1 ga Janairun 2012 lokacin da ta tare wata mota. Saboda haka ake sa rigar sulke ko da zafi ya kai inda ya kai. Amma gaskiyar magana ita ce yawancin ranaku ba haka suke ba. Tsayar da masu wuce mil 45 a awa ne, da duba izinin kwana a daji, da hana shiga turba da kare, da sauko da jirgi maras matuƙi wanda aka haramta tun 2014, da buɗe motar wanda ya kulle makullinsa a ciki. Dabbobin da kake hange, baƙar beyar da zakin tsauni, a zango uku sau ɗaya na ga zakin, shi ma wutsiyarsa ce tana shigewa duhuwa.

Abin da ya fi kashe mutane a can ƙishirwa ce da zafi. Ni da na tashi a Sakkwato na je da girman kai a kan wannan batu, ina ganin ba wanda zai koya mini rana, sai na tarar cewa zama a inuwar darbejiya daban ne da hawa dutse ɗauke da kaya a ƙasan hamada, inda zafi yake haura digiri 43 a Mayu da Yuni, kuma ko a Maris ana iya yin sanyi da safe a yi ƙuna da azahar. Ana gaya wa kowane baƙo ya ɗauki lita huɗu na ruwa a kowace rana, amma kullum sai ka ga saurayi ya kama turba da 'yar gora ɗaya. Na tuna wani ɗalibi da ya faɗi a wata turba mai hawa da gangara kusa da kogi, abokansa biyu suka bar shi da na uku suka fito neman inda waya za ta kama. Lokacin da muka same shi ya daina zufa, yana maganar da ba ta da kai, alamar da kowane mai agajin gaggawa yake tsoro. Iska ta hana jirgi mai saukar ungulu sauka kusa, saboda haka mu takwas muka ɗauko shi a gadon ceto mai taya ɗaya, muna karɓa-karɓa, muna jiƙa masa jiki da ruwan da muka ɗauko domin kanmu, muka kwashe kusan awa shida a tafiyar da ba ta kai mil huɗu ba. Ya rayu. Wani da muka nema a zangona na ƙarshe bai rayu ba, kuma ni aka bari in zauna da matarsa a ofis har gari ya waye.

Wannan ne dalilin da ya sa nake ba ka shawara ka nemi takardar shaidar agajin gaggawa kafin ma ka shiga makarantar tsaro, domin a irin waɗannan wurare jami'in tsaro shi ne mai motar asibiti, shi ne mai neman wanda ya ɓata, sau da yawa kuma shi ne ɗan kwana-kwana. Ka ƙara da jan kati, wato takardar shaidar cancantar kashe gobarar daji, wanda gwajinsa shi ne tafiyar mil 3 da kaya mai nauyin fam 45 a cikin minti 45. Masu ɗaukar ma'aikata suna duba waɗannan biyun sosai.

Zama a kan iyaka yana da nasa nauyin. Mutanen ƙauyen Boquillas na tsallaken kogi sun dogara ne da baƙin gandun, kuma lokacin da aka rufe mashigarsu a 2002 ƙauyen ya kusa watsewa kafin a sake buɗe ta a 2013. Wasunsu sukan haye su ajiye sanduna da 'yan kunamun waya da suka saƙa a kan dutse a ɓangaren Amurka, tare da gwangwanin jefa kuɗi, abin da doka ta ɗauka fasa-ƙwauri ne. Shanunsu da dawakansu ma suna hayowa kiwo, domin dabba ba ta san iyaka ba, kuma duk wanda ya san zaman makiyaya da malaman daji a gida zai gane irin wannan. Kwashe kayan talaka da ka san sunan ƙauyensa, wanda wataƙila ɗan'uwansa yana cikin ayarin Los Diablos da ke hayowa su taya gandun kashe gobara, shi ne ɓangaren aikin da bai taɓa kwanta mini a rai ba, ko da yake na yi shi. Ka fara koyon Sifaniyanci tun yanzu. Ka kuma riƙa yawo da shaidarka idan ka cire kaki, domin akwai shingayen jami'an iyaka a kan hanyoyin da suka nufi Alpine da Marathon, kuma za a tambaye ka ko kai ɗan ƙasa ne.

Game da addini, salloli biyar ba su taɓa ba ni wahala ba, domin a sintiri kai kaɗai ne, ga fili ga tsabta, idan ruwa ya yi ƙaranci ga ƙasar taimama. Juma'a ce babu, saboda masallaci mafi kusa da na samu yana yankin Midland da Odessa, tafiyar kusan awa huɗu, don haka sai ranar hutuna ta dace nake zuwa, in sayo naman halal in cika kula da ƙanƙara in dawo. Azumin 2019 ya same ni a makonnin ƙarshe na zango, na nemi a mayar da ni aikin yamma zuwa dare aka yarda, amma rana ɗaya da aka kira mu ceto da azahar na sha ruwa na rama daga baya, domin mai ceton da ya faɗi ya ƙara wa abokansa kaya ne. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, daidai tsakiyar cunkoso, saboda haka ka tambayi malaminka hukuncin tun kafin ka tafi.

Albashi ba mai yawa ba ne, a matakan ƙasa na gwamnatin tarayya ake farawa, sai ƙarin kashi 10 cikin ɗari na aikin dare da kashi 25 na Lahadi da kuɗin ƙarin lokaci. Gida na gwamnati ne, ana cire haya daga albashi, kuma yawanci za ka raba shi da wani. Shekarun zango ba su shiga lissafin fansho. Ka ajiye kuɗin wata biyu a gefe, domin lokacin takaddamar kasafin kuɗin da ta rufe gwamnati kwana 35, daga 22 ga Disamban 2018 zuwa 25 ga Janairun 2019, jami'an tsaro sun ci gaba da aiki, albashin ya biyo baya. Wata doka ta 2015 ta bai wa wanda ya tara fiye da wata 24 na aikin zango damar neman gurbin dindindin kamar ma'aikacin cikin gida, amma ƙa'idar gama-gari ta aikin tsaro na dindindin ita ce a shiga kafin cika shekara 37. Ni da shekara 33 na fara, ga mata da jariri a Houston, tafiyar yini guda, shi ya sa na ajiye na koma aikin motar asibiti a birni. Kai da kake da shekara 24, in ba ka da iyali ko bashi mai nauyi, ina ganin zango biyu ba za su cuce ka ba.

Sai dai kada ka biya kuɗin makaranta tukuna. A 'yan shekarun nan hukumar ta fara ɗaukar sabbin jami'an dindindin kai tsaye tana tura su Glynco da kuɗinta, saboda haka ka fara duba USAJOBS, shafin intanet na neman aikin gwamnatin tarayya, ka ga wace ƙofa ce a buɗe bana. Bayan haka ka buga waya ofishin babban jami'in tsaro na gandaye biyu ko uku da kake so, ka tambaye su ko za su ɗauki jami'an zango, jami'ai nawa suke aiki da dare, minti nawa ɗauki yake ɗauka kafin ya iso wuri mafi nisa a yankinsu, mutum nawa ake haɗawa a gida ɗaya, kuma a ina waya take kamawa. Idan ka samu amsoshin ka kawo su nan mu duba tare.