Tambaya da Amsa: In Sayar da Kekena In Koma Ɗinkin Kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ni tela ce a Zariya, ɗinkin mata nake yi, da 'yan koyo a hannuna. Ƙanena mai karatun kwamfuta ya hana ni sakat, wai yanzu ana zana riga a kwamfuta a ga tana tafiya ba kowa a cikinta, har ana sayar da kayan da ba a taɓa ɗinkawa ba. Ya ce in sayar da keke ɗaya in cika in sayi laftof. Don Allah akwai samu a harkar nan ga irinmu? Kuma ina tsoron in ɗora zanena a intanet a kwashe.
Daga wata mai ɗinki, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kekenki dai ki bar shi inda yake. Ƙanenki bai yi miki ƙarya ba, sai dai sana'a biyu ya haɗa miki a waje guda, ɗaya kuma ba taki ba ce.

Wadda ba taki ba ita ce sayar da rigar da ba za a taɓa sawa a jiki ba. An yi, ba a musu. A 2019 wani kamfani na Amsterdam mai suna The Fabricant ya sayar da irin wannan riga dala 9,500, abin da mai sayen ya samu shi ne hoto da rigar a jiki. A 2021 an sayi jakar Gucci a cikin wasan bidiyo na Roblox sama da dala 4,000, kuɗin da ya fi na jakar ta gaske. A watan Maris na 2022 har makon nuna kaya aka shirya a Decentraland, wani dandali na duniyar kwamfuta. A shekarar ce kuma kasuwar kirifto, wato kuɗin intanet, ta karye, farashin irin waɗannan kaya ya bi ta. Ki lura da waɗanda suka ci ribar: masu sunan da duniya ta riga ta sani ne, masu sayen kuma 'yan wasan bidiyo ne da masu neman juya kuɗi. Hajiyar da ke kawo miki leshi biki za ta, so take a gan ta a cikin kaya.

Taki ita ce wadda Anifa Mvuemba ta yi. 'Yar asalin Kwango ce mazauniyar Amurka, mai kamfanin Hanifa. A watan Mayun 2020, lokacin kullen korona, ta nuna sababbin kayanta kai tsaye a Instagram: riguna da siket suna rangaji a kan baƙin fili, ƙugu da kafaɗa duk sun fito, amma ba mutum a ciki. Ta kuma yi amfani da damar ta yi magana kan wahalar masu haƙar ma'adinai a Kwango. Abin da masu ba da labarin kan tsallake shi ne, kayan nan na gaske ne, an ɗinka su an sayar. Hoton talla ne kawai. Kafin wannan, mai son duniya ta ga aikinsa sai ya nemi shiga irin makon nuna kaya na Legas da aka fara a 2011, ko bikin nuna kaya na FIMA da Alphadi, mai zanen kaya ɗan Nijar, ya buɗe a hamadar Agadas a 1998, ya biya masu sa kaya, ya biya mota da masauki. Na Faris kuwa ga biza a gaba. Anifa kuwa da kwamfuta ta tsallake duk wannan.

Ga yadda zai yi miki aiki. A ce amarya tana Abuja, ƙawayenta sun fitar da anko, wata a Kaduna wata a Jidda. Ta turo awo ta WhatsApp. A manhaja irin CLO, ta wani kamfanin Koriya ta Kudu, akwai 'yar tsana da za ki sa wa awon nan: ƙirji, ƙugu, tsawon hannu. Gefe guda ki zana gaba da baya da hannu, ki nuna inda ɗinki zai bi, rigar ta hau jiki. Inda ta matse sai ya nuna ja. Ki tura bidiyon, amarya ta ce a rufe wuyan a ƙara faɗin hannu, ki gyara nan take, almakashi bai taɓa leshin ba. In ta amince ta turo kafin alƙalami. Duk telar da ta taɓa jin "ai ba haka na ce ba" ana gobe biki, ga yadi mai tsada an riga an yanka, ta san darajar wannan.

Wahalarsa ma ba zan ɓoye miki ba. Yawancinmu da alli da tef muke yanka, kai tsaye a kan yadi, awon yana cikin kai. Manhaja ba ta san wannan ba, sai an ba ta kowane yanki a zane. Don haka karatun farko na fitar da fatan ne a takarda, wato zanen kowane yanki na riga, ko babu kwamfuta kuwa zai amfane ki. Sai yadi. Waɗanda ke cikin manhajar na kasuwar Turai da Asiya ne. Shaddar da ta sha sitati da bugu tana da tauri da ƙyalli nata, in ba a auna nauyinta da yadda take lanƙwasa an shigar ba, babbar riga sai ta fito kamar labule. Naɗa ta a kafaɗa kuwa aiki ne na daban. Ga laftof mai ƙarfi, ba kowace ba, ga kuɗin manhaja da dala duk wata, ga wuta. Akwai wata manhajar, Blender, kyauta ce, amma ba don teloli aka yi ta ba, koyonta sai da haƙuri.

Batun sata, tsoronki yana kan hanya, amma ai ko yanzu hoton da kika sa a sitatus ya ishi mai kwafa. Masaƙan yadin kente na Gana sun daɗe suna kuka da bugaggen kwaikwayo mai arha daga masana'antun waje, kuma shigar da kente cikin jerin kayan gado na hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, a Disambar 2024 bai rufe wa masu bugawa inji ba. Abin da za ki iya: bidiyo kawai za ki saki, da sunan shagonki a tsakiyarsa, ainihin fayil ɗin da ke ɗauke da fatan kada ya bar hannunki. Zanen da kike ganin naki ne sabo fil, akwai ofishin rajistar zane a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki a Abuja, kuma kafin a nuna wa duniya ake kai shi, ba bayan ya zaga ba.

Abin da ya fi damuna ni shi ne wanda ke gabanki a Zariya. Aska biyu, aska takwas, aikin hannun da dattawa ke zama a zaure suna yi wata da watanni, yawancinsa a kai yake, ba a ajiye a ko'ina ba. In ba mu muka zana shi muka ajiye ba, wani zai ɗauko hoto daga gidan tarihi na Landan ya sa wa jarumin wasan bidiyo, ya rubuta "na Afirka" ya wuce. In kun zana, ku rubuta sunan aikin da garinsa, ku nemi izinin mai surfanin ku sa sunansa, in ciniki ya biyo baya a ba shi rabonsa. Aska takwas ba taki ba ce ke kaɗai, ba kuma tawa ba.

Shi ƙanen naki, tunda shi ke da zumuɗi kuma ya san kwamfuta, ya zo shago ya koyi awo da yanka a hannunki, ya nemi aron na'ura wajen abokansa. Ku ɗauki ɗinki uku da aka fi nema a wajenki ya zana su, ku gwada da kwastomomin nesa a ɗinkin sallar nan. In oda ta ƙaru, ribar ta sayi laftof ɗin.