Ɓarnar dare da ɓarnar rana

Ɗana, saƙonka ya iso ni, ina fata karatu na tafiya daidai. Ka tambayi dalilin da ya sa mai unguwa ya bambanta hukunci a ɓarnar daminar bana. Mai shanun da suka shiga gero da dare ya biya dami shida, aka yi masa faɗa gaban jama'a, amma yaron da awaki suka kuɓuce masa suka ci gyaɗa da rana ko tsawa ba a yi masa ba, ubansa aka kira. Ka ce asarar kusan ɗaya ce, don haka kana zargin son kai. Da ni aka yi zaman nan, kuma ban ga son kai ba.

A wurinmu, bayan an je gona an kimanta abin da aka ci, sai a dawo a dubi mutumin. Ya sani ko bai sani ba? An gargaɗe shi? Yana da ikon hanawa? Tun saukar ruwan shuka aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Mai shanun nan ya ji, sau biyu kuma maƙwabcinsa ya yi masa magana kan turkensa da ya ruɓe. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Da bai taɓa sani ba, da tsautsayi za a kira abin. Tunda ya sani ya share, ya zama ganganci.

Maganar dare da rana kuwa ba mu muka ƙago ta ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron lambu da rana na kan masu shi, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu su ne za su biya. Duba Suratul Anbiya, aya ta 78, za ka ga shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi, ita ma da dare dabbobin suka shiga shukar. Da rana manomi na iya kora. Da dare yana barci, ya amince maƙwabcinsa ya ɗaure nasa, sai aka ci wannan amanar.

Yaron fa? Shekararsa tara. Ka san an ɗauke alƙalami daga mutum uku: yaro har ya balaga, mai barci har ya farka, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Amma kar ka ɗauka rashin zunubi na nufin mai gyaɗa ya tafi hannu rabbana. Biya daban, laifi daban, nan ne matasa da yawa ke ruɗewa. An kira uban domin shi ya tura ɗan ƙaramin yaro da awaki goma sha biyar tsakanin gonaki, shi kaɗai, tun safe ba ko fura a gora. Yaron ya tafi neman ruwa ne suka shiga. Uban ya amsa zai biya, mai gona ya yafe rabi don kansa.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai, cewa nauyi kan hau sama ya sami babba. A zamanin Sayyidina Umar, bayin wani sahabi mai suna Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Da Umar ya gane yunwa ake barin su da ita, sai ya juya kan ubangidan. Mai taguwa ya ce ko dirhami 400 ba zai sayar da ita ba, Umar ya sa aka biya shi 800. Ni a ganina duk mai gidan da ya hana yaransa haƙƙinsu, ko ya ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, da shi aka yi laifin da suka yi, ko yana kwance a ɗakinsa. Haka malami da mai sarauta: abin da za a kau da kai in talaka jahili ya yi, su ba a kau musu, domin sun sani kuma ana koyi da su.

Abu ɗaya ya ƙara wa mai shanu nauyi wanda ba a faɗa maka ba. Da asuba ya ga ɓarnar, ya kore shanunsa ya yi shiru, sai da aka bi sawu har ƙofar gidansa. Da ya riga zuwa ya ce, "Malam, shanuna sun yi maka ɓarna," na tabbata da maganar ba ta kai zauren mai unguwa ba.

In ka zo hutun Sallah, ka je ka gai da mai shanun. Ya biya geron tun kaka, ya sake turke, kuma har yanzu jininmu ne ta wajen kakarka.

Kawunka.