Tsakuwar da ta ƙi fita daga bututun matsarmama: sai an tsaga ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya yi shawara da zazzaɓi, aka gano tsakuwa ce ta toshe masa bututun matsarmama. An yi masa ERCP, aka ce ta yi girma, sai aka sa masa ɗan bututun roba a wurin aka ce mu dawo. Dole sai an tsaga cikinsa ke nan? Daga wata 'yar'uwa, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ba dole ba ne. A aikin ERCP, ta baki ake zura na'ura har bakin bututun a farkon hanji, a ɗan yanka ƙofar, a jawo tsakuwa da kwandon waya ko balan-balan. Kusan mutum 9 cikin 10 hakan ya ishe su. Wadda ke gardama ita ce wadda ta haura milimita 15, ko ta maƙale, ko ta zauna a saman wurin da bututun ya tsuke.

Abin da aka fi fara gwadawa shi ne faɗaɗa ƙofar da babban balan-balan mai faɗin milimita 12 zuwa 20. Sharaɗinsa, kada ya wuce faɗin ƙasan bututun, don nan ne ake yage shi. In ƙofa ta buɗe tsakuwa ba ta wuce ba, sai a kama ta da kwando mai ƙarfi, a janyo shi cikin kuben ƙarfe har ta farfashe. Matsalar wannan, sai akwai sararin da kwandon zai buɗe ya rungume ta. Wadda ta cika bututun taf ba ta kamuwa, kuma kwandon kansa yakan maƙale.

Irin wannan ce ake wa siririyar kyamara, kamar SpyGlass, a shiga cikin bututun a ga tsakuwar ido da ido, a fasa ta da leza ko tartsatsin lantarki cikin ruwa. Ita ta fi cin nasara, sai dai tsada, kuma ba kowace cibiya ke da ita ba. Ku tambaya tun kafin ranar komawa.

Robar nan kuwa, kada ki ɗauke ta a matsayin gazawa. Ita ke ba ruwan matsarmama hanya, shawara ta washe, zazzaɓi ya sauka, sau da yawa ma gogayyarta kan rage girman tsakuwar. Abin da ke damuna shi ne mutum ya ji sauƙi ya ƙi komawa. Robar tana toshewa, shi ya sa ake cire ta ko a canja ta cikin wata 3 zuwa 6. In aka manta da ita, ƙwayoyin cuta kan taru su shiga jini.

Ku gaya wa likita in Baba yana shan maganin tsinka jini. Bayan aikin, ciwon ciki mai tsanani da amai na iya zama kumburin fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi), wanda maganin diklofenak miligiram 100 ta dubura kafin aiki ke rage haɗarinsa. Zazzaɓi da rawar sanyi, dawowar shawara ko baƙin bayan gida, a kai shi asibiti a ranar.

In duk waɗannan sun faskara, sai tiyata, ita ma ana iya yin ta ta ƙananan huji. Ko an fitar da tsakuwar, in akwai wasu a matsarmamar, a cire matsarmamar cikin mako 2 in jikinsa zai ɗauka, don daga can suke gangarowa.