Zan iya aikin kashe gobara ba tare da na bar sana'ata ba?

Tambaya: Ni tela ne a Yamai. Na ji a Amurka mutum na riƙe da sana'arsa, in gobara ta tashi a kira shi, a biya shi. Ina son irin wannan aiki, yaya zan yi?

Amsa: Malam, haka ne. A can ana horar da mutum, sannan a riƙa biyansa gwargwadon kira ko awannin da ya yi. A Nijar kuwa 'yan kwana-kwana sojoji ne, sai ka bi ta ɗaukar soja.

Amma unguwarku na buƙatarka tun yanzu. Nemi horon taimakon gaggawa a ƙungiyar agaji ta Kuruwa-Ruj. In wuta ta tashi, kira 18 tukuna, ka faɗi unguwa da wata alama sananniya, ka tura yaro bakin titi ya tari mota. Kashe kwantar lantarki. Kada ka watsa wa mai ko esans ruwa, fantsama zai yi.

Tukunyar kashe wuta mai gari, ta kilo 6, ba ta kai rabin minti tana fesawa take ƙarewa. Zare fil, tsaya kamar mita 3, fesa gindin wutar, ƙofa na bayanka. Garin kan dunƙule in ta daɗe a ajiye, don haka a riƙa kifa ta, a duba allurar agogonta na kan kore.